KIMIYYA A SHAGON ASKI: YADDA AKE KULA DA ALMAKASHIN GYARAN GASHI

Gabatarwa

Birnin Kano yana da manyan unguwannin masana'antu guda uku. Bompai ce ta fari, domin tun zamanin Turawan mulki aka soma kafa kamfanoni a cikinta. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Ko da yake kamfanoni da dama sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980, saboda matsin tattalin arziki da ƙarancin wutar lantarki, har yanzu ana jimar fatu, ana kuma sarrafa robobi da kayan abinci a waɗannan wurare. A gefen manyan masana'antun kuwa akwai ƙananan sana'o'i masu cin abinci daga ma'aikata: masu tuwo, da masu walda, da teloli, da masu aski.

Jarin mai aski bai taka kara ya karya ba. Kilifa ce, da mataji, da reza, da almakashi. Daga cikinsu almakashi ne ya fi buƙatar lura, shi ne kuma aka fi wulaƙantawa. In ya dakushe yana ɓata gashi, yana gajiyar da hannu. In ya ƙazantu yana iya ɗauko cuta daga wani kai ya kai ta wani. Wannan darasi zai bayyana yadda almakashi yake yanka, da irin ƙarfen da ake ƙera shi da shi, da abubuwan da ke lalata shi a yanayi irin na Kano, sa'an nan da hanyoyin kiyaye shi.

Asalin almakashi

Kalmar almakashi aro ce daga Larabci. Wanzaman ƙasar Hausa kuwa, waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Aska, da aska aka san su, tare da ƙaho da mawashi da sauran kayan da ke cikin zabira. Almakashin farko da aka sani, wanda aka yi amfani da shi a Gabas ta Tsakiya shekaru fiye da 3,000 da suka wuce, wuƙaƙe biyu ne da aka haɗa gindinsu da lanƙwasasshen ƙarfe, ana matse su da tafin hannu. Mai kusa a tsakiya, irin wanda aka saba gani yau, Romawa sun san shi tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. A 1761 ne Robert Hinchliffe, mutumin garin Shafil a Ingila, ya soma ƙera almakasai da narkakken ƙarfe mai tauri. A yau garuruwan da suka yi suna wajen wannan sana'a sun haɗa da Solingen a Jamus, da Seki a Japan, da Siyalkot a Pakistan.

Yadda almakashi yake yanka

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Wuƙa tana yanka da baki ɗaya, amma almakashi sai bakuna biyu sun gogi juna. Ɗaya yana danna gashi ƙasa, ɗaya yana tura shi sama, gashin ya tsinke a daidai inda suka haɗu.

Idan aka rufe almakashi mai kyau aka ɗaga shi wajen haske, aka dube shi ta gefe, za a ga 'yar rata tsakanin wuƙaƙen biyu, sai a can tsini suke haɗuwa. Da gangan maƙera suke yin haka. Kowace wuƙa an ɗan tanƙwara ta zuwa wajen 'yar'uwarta, an kuma ɗan rarake cikinta, domin a kowane lokaci bakunan su taɓa juna a ɗigo ɗaya kacal. Yayin da ake rufe almakashin, wannan ɗigo yana tafiya daga gindi har zuwa tsini. Duk ƙarfin yatsu a kansa yake taruwa, shi ya sa yankan yake fita sumul. Da zarar tanƙwarar ta ɓaci, alal misali in almakashin ya faɗi ƙasa, sai gashi ya riƙa shigewa tsakanin wuƙaƙen yana lanƙwashewa, komai kaifin bakunan.

Har ila yau, almakashi misali ne na abin da ake kira liba a darasin fiziks, wato irin dabarar da lebura yake yi in zai ɗaga babban dutse: ya zura ƙarfe a ƙarƙashinsa, ya tokare ƙarfen da ƙaramin dutse, ya danna ɗaya gefen. Kusar tsakiyar almakashi ita ce madogara. Ƙa'idar ita ce, ƙarfin yatsa sau nisansa daga madogara daidai yake da ƙarfin yanka sau nisan abin da ake yankawa daga madogara. A ɗauka cewa daga kusa zuwa zoben yatsa santimita 7 ne, yatsa kuma ya danna da ƙarfin niyuton 10. Sakamakon 10 sau 7 shi ne 70. Gashin da ke santimita 2 daga kusa zai sha ƙarfin niyuton 35, wato 70 a raba da 2. Wanda ke can tsini, santimita 7 daga kusa, niyuton 10 kawai zai samu. Ke nan tsini shi ne wuri mafi rauni, alhali da shi mai aski ya fi aiki. Wannan ne dalilin da ya sa dakushewa take fara bayyana a tsini.

Ƙarfen da ake ƙera shi

Baƙin ƙarfe tsantsa, wanda masana ke kira ayon, yana da laushi, ba ya riƙe kaifi. Sai an gauraya shi da ɗan kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, yake zama sitil. Bayan haka a gasa shi ya yi jawur, a tsoma shi cikin ruwa ko mai ya huce farat ɗaya. Maƙeran Hausa sun daɗe da sanin wannan dabara wajen ƙera wuƙa da gatari. Amma ƙarfen da aka yi wa haka yakan yi gautsi, saboda haka sai a sake ɗumama shi sannu a hankali, zuwa wajen digiri 200 a ma'aunin santigired, domin ya rage gautsi ba tare da ya rasa taurinsa ba.

A 1913, Harry Brearley na Shafil ya gano cewa sitil ɗin da aka zuba wa kuromiyam da yawa ba ya saurin tsatsa. Ana kiran ƙarfe marar tsatsa ne idan kuromiyam ɗin da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar riga a kan ƙarfen, wadda ido ba ya gani, kaurinta 'yan nanomitoci ne kawai (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita). In aka karce rigar, wata takan sake fitowa da kanta muddin akwai iska. Wani abin sha'awa shi ne, gishirin wannan kuromiyam ɗin ne masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suke amfani da shi don hana fata ruɓewa.

Wani nau'in ƙarfe da aka saba yin almakashin aski da shi, mai lamba 440C, yana ɗauke da kabon kimanin kashi 1 cikin ɗari, da kuromiyam kashi 16 zuwa 18. Ana auna taurin ƙarfe da ma'aunin Rockwell, kuma almakasai masu inganci sukan kama daga wajen lamba 56 zuwa 62. Wanda ya fi tauri ya fi daɗewa da kaifi, amma kuma ya fi saurin yin giɓi in ya bugi abu. Na ƙasa da haka, waɗanda ake sayarwa da arha, suna dakushewa da wuri. Dama an ce araha ba ta ado.

Bakin almakashi iri biyu ne. Akwai mai gefe a karkace kamar bakin kurfi, wanda aka fi sani da samfurin Jamus. Yana da juriya, wasa shi kuma ba wuya. Akwai mai gefe a kumbure kamar bayan cokali, samfurin Japan. Ya fi kaifi da santsi, amma ba kowane mai washi ne ya iya gyara shi ba.

Abokan gabar almakashi

Na farko shi ne gashin kansa. Gashi an yi shi ne da sinadarin keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙaho, kaurin sili ɗaya kuma yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A 2020, masana a Cibiyar Fasaha ta Masachuset da ke Amurka, ƙarƙashin Cem Tasan, sun bayyana sakamakon binciken da suka yi kan reza da madubin lantarki mai girmama abu. Sun ga cewa gashi, wanda ya fi ƙarfe laushi kamar sau 50, yana iya ɓantare bakin reza, musamman in ya lanƙwashe ya danni bakin ta gefe a wurin da ƙarfen yake da ɗan rauni. Darasin da ke nan shi ne, almakashin da ke lanƙwasa gashi kafin ya yanke shi yana gaggauta lalacewar kansa. A yi lissafi: in mai aski yana buɗewa da rufewa sau 300 a kan kai ɗaya, yana yi wa mutum 20 a rana, kwana 6 a mako, to bakunan sun gogi juna sau 36,000 cikin mako guda.

Na biyu ƙura ce. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zuba a kan Kano. A cikin wannan ƙura akwai ɓarɓashin ma'adinin kwaz, wanda shi ne akasarin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz yana kan lamba 7, wato ya ɗara ƙarfen wuƙa tauri. Don haka ƙurar da ta maƙale a gashi, ko ta shige ƙarƙashin kusa, tamkar magagari take ga almakashi. Ma'aikacin da ya fito daga masana'anta da ƙura a kansa, ya kamata a wanke masa kai ko a kaɗe shi sosai da buroshi kafin a sa almakashi.

Na uku laima ce da sinadarai. Tsatsa tana samuwa ne in ayon ya haɗu da oksijin da ruwa. Da damina, musamman a watan Agusta, iska tana cike da laima. Ƙarfe marar tsatsa ma yana da iyaka, domin sinadarin kulorayid, wanda ke cikin gishiri da gumi da ruwan bilic, yana huda rigar kuromiyam ya bar ƙananan ramuka. In irin wannan rami ya faɗo a kan baki, ya zama giɓi. A masana'antun jima ana aiki da gishiri da farar ƙasa da sinadarin salfayid. Biyun ƙarshe su ne ke tsinka igiyoyin sulfa da ke riƙe da keratin har gashin dabba ya saɓule daga fata. Man miƙar da gashi da ake shafawa a shagunan gyaran gashi shi ma waɗannan igiyoyi yake tsinkawa, sau da yawa da soda mai ƙuna. Shi da ruwan rinin gashi, in suka kwana a kan almakashi, sukan bar tabo.

Na huɗu zafi ne. An riga an ambata cewa a wajen digiri 200 ake daidaita taurin ƙarfe. In bakin almakashi ya yi zafin da ya zarce haka da nisa, taurinsa yakan ragu, ba ya kuma dawowa. Abubuwa biyu ke jawo wannan. Ɗaya shi ne kai almakashi wurin mai walda, ko mai wasa adda da gatari, ya ɗora shi a kan injin gurza mai gudu. Bakin siriri ne ƙwarai, cikin daƙiƙu kaɗan yake ƙonewa. In an ga ƙarfen ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi, to aikin gama ya gama. Ɗayan kuma shi ne al'adar zuba sifirit a kan kayan aski a kyasta masa ashana.

Na biyar sakaci ne: yanka takarda ko zare ko leda da almakashin gashi, da jefa shi cikin aljihun tebur tare da sauran ƙarafa, da barinsa ya faɗi a kan siminti.

Kulawar kullum

Bayan kowane kai, a buɗe almakashi sosai, a goge kowace wuƙa da tsumma mai laushi, daga gindi zuwa tsini, ta bayan wuƙar don kada a yanke.

Bayan an tashi aiki, a wanke shi da ruwan sabulu, a fitar da guntayen gashin da ke kewaye da kusa da ƙaramin buroshi, a tsane shi ƙarƙaf. Sa'an nan a ɗiga ɗigo ɗaya na man almakashi ko man keken ɗinki a kan kusa, a buɗe a rufe sau da yawa, a goge abin da ya fito. Kada a sa man gyaɗa ko manja, domin man girki yakan yi danƙo ya tara ƙura. Baƙin man mota kuma bai dace da abin da zai taɓa fatar mutum ba.

A gwada ɗaurin kusa. A riƙe zobe ɗaya, tsini yana kallon sama, a ɗaga ɗaya zoben har almakashin ya buɗe kamar kusurwar littafi, sai a sake shi. In ya faɗi ya rufe ruf, kusar ta yi sako-sako, gashi zai riƙa lanƙwashewa. In ya ƙi motsi, ta yi tsauri, bakunan za su ci juna, babban yatsa kuma zai wahala. Daidai shi ne ya sauko ya tsaya kafin tsinin ya haɗe. A riƙa juya notin kaɗan-kaɗan ana sake gwadawa. Sau da yawa almakashin da ake zaton ya dakushe, kusarsa ce kawai ta kwance.

Daga ƙarshe a ajiye shi a rufe cikin kubensa, a wuri busasshe, nesa da kwalaben rini da bilic.

Wasa almakashi

Ana gane lokacin washi ya yi idan almakashi yana tura gashi gaba, ko yana tsinkar sa, ko ana jin ƙaras-ƙaras wajen rufewa. Gwaji mai sauƙi shi ne a jiƙa takarda mai laushi ta goge hannu a yanka ta a hankali. Mai kaifi zai raba ta har tsini, dakusasshe kuwa zai tauna ta. Mai aiki kullum yakan buƙaci washi bayan wata 6 zuwa 12.

Gwanin washi yakan kwance kusa ya raba wuƙaƙen, ya wasa su a kan dutse mai laushi yana zuba ruwa don kada ƙarfen ya yi zafi, yana bin karkatar bakin ta asali. Ba ya cin cikin wuƙar da aka rarake, in ban da ɗan shafawa don kawar da ƙaiƙayin ƙarfe. Kowane washi yana rage ƙarfe, saboda haka yawan washi ma gajarta ran almakashi yake yi.

Tsafta da lafiyar jama'a

A nan ne batun ya wuce asarar kuɗi. Tsinin almakashi yakan ƙwarzani kunne ko ƙeya, ko ya fasa ƙurji, jinin da ido ba ya gani ya saura a kansa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana 7 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a 2022. A Nijeriya, binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Da yawansu ba su da wata alamar ciwo, ba su ma sani ba. Cutar tana iya kai wa ga ƙeƙashewar hanta ko sankara bayan shekaru. Ta jini ne kuma ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C suke yaɗuwa. Makero kuwa, wanda ya fi kama yara, ko jini ba ya buƙata. Mataji da almakashi sun ishe shi.

Ƙa'ida ta farko ita ce a wanke kafin a kashe ƙwayoyin cuta, domin maiƙo da guntun gashi suna kare su daga magani. Bayan wanki a tsoma wuƙaƙen cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari na tsawon minti 10. Ɗan ruwan da ke cikinsa yana taimaka masa wajen lalata ƙwayoyin cuta, yana kuma hana shi saurin bushewa. Kananzir da fetur ba magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Harshen wuta na daƙiƙa biyu ko uku kuwa ba ya ratsa ko'ina.

In jini ya fito fili, a wanke almakashin, a tafasa shi minti 20. Ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 100, saboda haka ba zai taɓa taurin ƙarfe ba, sai dai a cire robar da ke cikin zoben in tana cirewa. Ana kuma iya amfani da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari. In na kwalba kashi 3.5 ne, a raba 3.5 da 0.5, a sami 7, a debe 1: mudu ɗaya na bilic, mudu 6 na ruwa. Kada ya wuce minti 10 a ciki, a ɗauraye nan take, a tsane, a sa mai, saboda ɓarnar kulorayid da aka bayyana a baya. Reza kuwa kai ɗaya ake yi da ita a jefar. Mai shagon da ke da almakashi biyu ya huta, ɗaya yana aiki ɗaya yana cikin magani.

Akwai allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, kuma tun 2004 Nijeriya ta sanya ta cikin alluran da ake yi wa jarirai. Mai askin da aka haifa kafin wannan lokaci, ko wanda ba a yi masa ba, ya kyautu ya je asibiti a gwada shi a yi masa, domin shi ne ya fi kowa yankewa da kayan aikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Gwaje-gwaje don aji

1. A sami ƙusoshi huɗu da kwalabe huɗu. A bar ta farko a bushe a rufe, a zuba ruwa kaɗan a ta biyu, ruwan gishiri a ta uku, a ta huɗu kuma a shafe ƙusar da man keken ɗinki kafin a zuba ruwa. A duba kullum har mako guda, ɗalibai su rubuta abin da suka gani.

2. A yanka silin gashi da sabon almakashi, a yanka wani da tsoho, a kwatanta bakin yankan biyu a ƙarƙashin madubin girmama abu na ɗakin gwaji.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake tanƙwara wuƙaƙen almakashi zuwa wajen juna?

2. Idan nisan zobe daga kusa santimita 8 ne, yatsa ya danna da niyuton 12, nawa ne ƙarfin yanka a santimita 3 daga kusa?

3. Bayyana dalilin da ya sa tafasa almakashi ba ya rage taurinsa, amma injin gurza yana ragewa.

4. Mudu nawa na ruwa za a zuba wa mudu ɗaya na bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari don a sami kashi 0.5?

5. Ɗalibai su ziyarci shagon aski mafi kusa da makarantarsu, da izinin mai shi, su lura da yadda ake tsaftace kayan aiki tsakanin kai da kai, su kawo rahoto aji.